Digirin da ke Barci a Titin Sonnenallee

Wani taro ya kai ni Berlin, na ratsa titin Sonnenallee, inda 'yan Siriya da suka kwararo Jamus a 2015 suka buɗe shaguna. Kusan duk kantin da na leƙa, maza ne ke aiki. A wani gidan shayi na haɗu da wata mata da ta karanci harhaɗa magunguna a Damaskus. Shekararta bakwai a gida, domin sai an tantance takardunta, sai ta ci jarrabawar Jamusanci, ga yara babu mai reno. Mijinta, da bai wuce sakandare ba, tuni yake tuƙa motar kaya. Tun dawowata nake jin nauyin gaya wa ɗalibaina mata cewa digiri kaɗai ya isa.