Daga Dauran Zuwa Kure, Wurin Raƙuman Dawa

Aboki, ga labarin tafiyar da na yi Nijar a ranin 2019, tunda ka matsa sai ka ji.

Na bar Dauran da asuba, na bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Hanyar ka san ta: direba na tuƙi, fasinja na addu'a har a fita daji. A Magama muka tsallaka iyaka, ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, inda na canza naira zuwa sefa na kwana. Washegari muka miƙa yamma, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse, Dosso. Daga Dosso Zabarmanci ya karɓe kasuwa, ni da nake ganin Hausa za ta kai ni ko'ina na koma neman mai fassara kafin in sayi ruwa.

Kure ƙauye ne, kimanin kilomita 60 kafin Yamai. Ina ta duban shinge da ƙofa irin na gidan namun dajin Kano, sai na tarar da 'yan jagora zaune a bakin titi. A lokacin, a nan ake biyan kuɗi a haɗa ka da ɗayansu, don ba a shiga sai da jagora. Namu ɗan yankin ne, yana jin Hausa. Ya ce da rani raƙuman na gangarawa kwarin da ake kira Dallol Bosso, inda gawo ke da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Muka bi yashi yana tsayar da manoma yana tambaya, su kuma su nuna da hannu, kamar ana cigiyar shanun maƙwabci.

A tsakiyar wata gonar gero da aka girbe muka same su. Fatarsu fara-fara ce, zanen ja-ja mai haske. Wata uwa ta miƙa wuya cikin gawo, ta naɗo reshe da dogon harshenta baƙi, ta zage ganyen ta bar ƙayar. Ƙarƙashinta wani yaro ya wuce da awakinsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Jagora ya hana mu matsawa kusa, ya ce mu rage murya.

Wallahi ban san irin wannan raƙumin dawa ya taɓa yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, har da arewacin ƙasarmu ba. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a 1996 guda 49 kawai suka rage, duk a nan. Lokacin da na je sun haura 600.

Na tambayi jagoran ko ba sa ɓarna. Ya yi dariya ya ce suna cin wake da mangwaro, kuma mai gona ba ya jin daɗi. Abin da ya sa ake haƙuri, doka ta hana kashe su, jagororin 'ya'yan ƙauyukan ne, sannan ƙungiyar kare raƙuman tana haƙa rijiyoyi tana ba mata rance. A nan na fahimci abin da ake nufi da yawon buɗe ido na kare muhalli. Wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 1990 ta bayyana shi da cewa ziyara ce cikin kula zuwa daji, wadda ke tsare dajin ta kuma amfani mutanen wurin. A ganina sharaɗin ƙarshen ne mai nauyi. In baƙo ya ɗauki hoto ya tafi, mai waken bai ga komai ba, kallo kawai aka yi.

A hanyar dawowa na ji cewa a 2018 an kwashi raƙuma 8 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Sai na tuna dajin Kuyambana namu na Zamfara, wanda aka keɓe don namun daji, yau kuwa ko mafarauci na shakkar shigarsa.

Kure ma ba ta tsira ba. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a can: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban jagororin. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin jagororin ya yanke, raƙuman kuwa ba su daina shiga gonakin wake ba.