Danƙon tsohon mushe

A bayan garin Tasawa, kowace Lahadi bayan la'asar, wani tsohon mushen lakol yakan jera gwangwanin tumatir 5 bisa kututture, ya ja da baya mita 10, ya fiddo danƙo daga aljihu. Masu wucewa na dariya: dattijo da wasan yara! Shi ko ba ya tanka musu.

Sa'ad da yake yaro, shi ake aikawa korar jan baki a gonar hatsi. Wata rana ya saki tsakuwa da gaggawa, ta kauce, ta sami ƙanensa a ido. Idon bai sake gani ba. Shekara 50 bai taɓa danƙo ba, sai ranar da ya iske jikansa na harbi barkatai a tsakar gida. Ya san hani ba zai yi ba, sai koyarwa.

Ga abin da yake nuna wa yaron. Robobin biyu su zama tsawo ɗaya. A mulmula yumɓu daidai wa daida, a shanya, domin tsakuwa mai kaifi ba ta tafiya miƙe. Kowane harbi, a jawo fatar zuwa wuri guda a kunci, a tsai da numfashi, a saki ba fizga. Kafin duk wannan, a dubi abin da ke bayan gwangwanin.

Yanzu yaron na kā da 3 cikin 5. Mai ƙirga masa kuwa, zaune ƙarƙashin gawo, shi ne ƙanen nan mai ido ɗaya.