Shekarar 2025 da Muka Fara Gani a Madawa

A zamanin da nake lakwal a Madawa, kwamfuta kayan ofis ce, ko ta masu buga takardu a bakin hanya. Wani yayanmu ne da ya dawo daga biɗa a Libiya ya zo da tasa, ya girka ta a rumfa kusa da babban titin da ya taso daga Konni ya nufi Maraɗi. Dala goma ake biya kafin a hau benci. In kuran ya ɗauke, sai a yi ta roƙo: "Yaya, don Allah a tada janareta." Shi kuwa ya ce, "Ƙane, mai ba ruwan rijiya ba ne, a ƙaro dala biyar."

Wasan da ya cinye mana kuɗin kalaci shi ne Call of Duty: Black Ops II, wanda kamfanin Treyarch ya ƙera, ya fito a 2012. Ba ka ganin fuskar sojan da kake juyawa, hannuwa biyu kawai da bakin bindiga, kana leƙen duniya ta idonsa. Hagu a kan madannai, dama a kan linzami. Yaran da suka zo karatu daga ƙauyukan Buza da Keita, waɗanda muke yi wa kallon baƙi, cikin ɗan lokaci suka fi mu saiti, kuma har yau ina ganin rashin gaggawarsu ce ta ba su.

Labarin wasan bai dame mu ba, harbi muka zo yi. Sai daga baya na tsinci zarensa. Rabi a baya yake, har da Angola ta 1986, inda madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi ke kururuwa a fagen daga. 'Ya'yansa ma sun kai kamfanin Activision mai wasan ƙara a Faransa a kan yadda aka nuna shi, kotu ta yi watsi da ita a 2016. Ɗaya rabin kuwa a 2025 yake: Amurka da Sin na zaman doya da manja a kan ma'adinai, wani mai suna Raul Menendez ya ƙwace ragamar jiragen Amurka marasa matuƙi, ya juya su kan Los Angeles. Jirgi ba matuƙi! Dariya muka yi. A garin da amalanken jaki ke kai albasa kasuwa, wannan tatsuniyar Nasara ce, kuma 2025 ta yi mana nisa ƙwarai.

Ashe abin na bisa hanya. A farkon 2014 Faransa ta fara tada jiragen Reaper marasa matuƙi daga Yamai. Amurka ta kashe sama da dalar Amurka miliyan 100 ta gina sansani na 201 a Agadas, jiragenta suka fara tashi daga can a 2019, ta tattara ta fita a 2024. Ita kanta Nijar ta sayo Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Kafin 2025 ɗin ta iso, har tsofaffi sun san zancen jirgin da ba kowa a ciki.

Abin da ya raba ni da wasan kuwa Tongo Tongo ne. Ran 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a can yankin Tilaberi, aka kashe Amurkawa huɗu tare da sojojinmu. Watanni bayan haka bidiyon da kyamarar hular wani sojan Amurka ta ɗauka ya bazu a wayoyi, aka miƙo mini shi a fada ana shan shayi. Ga hannuwa, ga bakin bindiga, ga numfashi sama-sama, daidai yadda allon Yaya ke nunawa. Sai dai dajin irin namu ne, busasshiyar ciyawa da ƙayoyi, ba Los Angeles ba. Sunayen Amurkawan huɗu sun zaga duniya, har da hotunan iyalansu. Na sojojin Nijar da suka faɗi tare da su, babu ko ɗaya a fadarmu da ya iya kawo suna, alhali a cikinmu akwai masu 'yan'uwa a soja.