Filin da ake sauraron sararin samaniya

Idan ka bar garin Sokoro na jihar Niyu Meziko a Amurka ka nausa yamma, tafiyar kilomita 80 za ta kai ka filin San Agustin. Fili ne fetal, tsaunuka sun kewaye shi, shanu na kiwo. Can sai ka hango fararen farantai 27, irin na satalayit amma ƙatta, faɗin kowanne mita 25. A kan layin dogo ake jan su. Sunan wurin VLA, an buɗe shi a 1980. Baƙo sai ya kashe wayarsa, don siginarta na dagula abin da ake saurare.

Daga 1993 zuwa 1996, farantan sun bi yawancin sararin sama, suka gano wurare kusan miliyan 1.8 masu fitar da igiyar rediyo. A cikinsu akwai bilaza.

Mece ce bilaza? A tsakiyar wasu dandazon taurari akwai ƙaton baƙin rami mai haɗiye iskar gas. Wani ɓangaren gas ɗin ba ya faɗawa ciki, feso shi ake yi da gudu kusan na haske. Idan feshin ya saito duniyarmu, kamar an dalle ka da tocila a ido, ita ce bilaza.

Matsalar ita ce a hoto ba ta da maraba da ƙaramin tauraro. To, ta yaya za a tsamo ta? Sai masana suka ɗauko taswira ta biyu. A 1990 an harba tauraron ɗan'adam ROSAT bisa jagorancin Jamus, ya zana taswirar hasken eksire, irin wanda ake hoton ƙashi da shi. Dole a hau sama, domin iskar duniya na tare wannan haske.

Yawancin taurari masu eksire ba su da ƙarfin rediyo, yawancin masu rediyo kuma eksirensu ya yi rauni. Bilaza kuwa tana da duka biyun. Da kwamfuta ta ɗora taswirar nan bisa waccan, sai waɗanda suka fito a wuri guda suka zama abin zargi, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da madubin hangen nesa don tabbatarwa.

Ɗalibai, ku nemi Markariyan 421 a taswirar taurari. Hasken wannan bilaza ya shafe shekara kusan miliyan 400 a hanya kafin ya iso mu.