Damargu: wa ya ƙera wuƙar kaka?

Matafiyin da ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Agadas, in ya wuce Bakin Birji, zai ga itatuwa suna raguwa, gonakin hatsi suna ƙara faɗi har Tanut, kusan kilomita 150 daga birni. Nan ne Damargu. Daga yamma kuma ga Balbeji, a ƙasar Tarka, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekara ta 2011. Tun zamanin da, wannan yanki shi ne rumbun Abzin: ayarin Buzaye yana sauke gishiri, ya auni hatsi, ya zarce Kano.

Ta wannan hanya ce Bature Barth, ɗan ƙasar Jamus, ya ratsa cikin watan Janairu na 1851. Da ya isa Kano, ya rubuta cewa dubban ruwan takubba suna shigowa kowace shekara daga Solingen ta Jamus. Wasu sun dawo arewa bisa raƙuma. In takobi ya karye, ba a yar da shi: maƙeri ya rage tsawonsa, ya maishe shi wuƙar mahalbi ko ta ɗaurawa a damtse.

Shi ya sa dillalai da Turawa masu tara kayan tarihi suke shan wuya wajen gane mai aikin. Abin da suke fara dubawa shi ne tambari: jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ko wata dabba mai kama da kare a guje. Amma tambari yana ruɗi. Da maƙeran ƙasa suka ga masu saye suna son alamar, har suna ɗaukar ta kamar laya, sai suka riƙa buga ta bisa nasu ƙarfen. Wani masani, Lloyd Cabot Briggs, ya yi nazarin waɗannan alamomi a 1965.

Saboda haka gwanaye ba su tsayawa ga tambari. Suna lanƙwasa ruwan su ga ko zai koma daidai. Suna duba kwarmin tsakiya: na masana'anta miƙaƙƙe ne, na hannu yana ɗan karkacewa. Suna lura da sawun guduma, don a ƙarni na 20 an ƙera wuƙaƙe da yawa daga tsohon ƙarfen mota. Sau da yawa amsar takan zama mutum uku: Bature ya yi ruwa, maƙerin Hausa ko na Buzaye ya yi ƙota, baduku ya ɗinka kube.

A nan ne riba da hasara suke. Magajin da bai san asalin wuƙarsa ba yakan sayar da ita kuɗin tiya kaɗan na hatsi a shekarar fari, ta ƙetare teku da sunan wata masana'anta, sunan maƙerin ƙauye ya ɓace. Alhali tsofaffin maƙera sukan gane hannun gidansu da kallo guda. Mai irin wannan gado a Damargu, kafin ya kai shi kasuwa, gara ya fara biyawa ta maƙera.