Tukuicin Mai Kawo Cefane a Umdurman

A ƙasar Hausa ba a zaunar da yaro a koya masa tukuici, tashi yake ya tarar ana yi. In maƙwabciya ta aiko da kwanon tuwon salla, ba a mayar da kwanon haka nan sai an jefa wa ɗan aike wani abu a ciki. Da wannan tarbiyya na sauka Khartum a 2009, neman ilimi a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, wadda ta faro a matsayin cibiyar Musulunci a 1977 kafin ta zama jami'a a 1992. Ɗaliban Nijeriya da Nijar ba mu da iyaka a can, amma rayuwar gida ta mutanen Sudan ba a ɗakin kwanan ɗalibai ake ganinta ba. Ni a Umdurman na gan ta, ƙetaren Farin Nilu, a gidan wata dattijuwa da muke kira Hajiya, inda nakan je ranakun hutu.

Hajiya Bahaushiya ce da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta na cikin dubban da suka bi hanyar gabas da ƙafa, wasu don aikin hajji, wasu don gudun mulkin Turawa bayan yaƙin Burmi na 1903, hijirar da ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Hausarta irin ta da ce, Larabci ya ratsa ta ko'ina. Ƙafa ta yi mata nauyi, saboda haka komai na gidan kawo shi ake yi. Da sassafe mai madara zai tsaya da jakinsa da tulunan ƙarfe rataye gefe da gefe. In famfo ya ɗauke, sai a tsayar da mai amalanken jaki, wanda suke kira karo, ya juye ruwa daga ganga. Cefane kuwa, wato kwandon kayan miya da suke ce wa guffa, jikarta ke zuwa kasuwar Umdurman ta haɗo, yaro mai baro ya turo mata.

Waɗannan yara masu baro, 'yan dardaga, su suka fi tsaya mini a rai. A lokacin akwai su a babbar kasuwar Umdurman, akwai su a Suƙ Libya can yamma da gari. Da yawansu ba su balaga ba, kuma 'ya'yan mutanen da yaƙi ko fari ya koro ne daga Darfur da Duwatsun Nuba da Kudancin Sudan. Baron ma galibi ba nasu ba ne, haya suke biya kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Yaro zai turo buhun albasa da gawayi da galan ɗin mai cikin rana, a garin da zafin watan Mayu ke haura digiri 40, ga ƙura in iskar habub ta taso.

Hajiya tana da tsari, kuma ba ta canza shi. Kuɗin dako a kasuwa ake yanke shi, kafin a ɗora kaya. Ta hana jikarta tayawa. Za a iya shafe rabin sa'a ana ja-in-ja da mai tumatir, wannan ciniki ne tsakanin masu jari, amma ba a rage wa ɗan dako ko sisi. In ya iso, kafin a taɓa kaya sai an ce ya shigo inuwa, a ɗebo masa ruwan randa, zir a bakinsu. In hantsi ne, lokacin karin kumallonsu da ba ya wuce wajen goma zuwa sha ɗaya, za a zuba masa ful, waken nan da suke dafawa ya yi luguf, da burodi. Bayan ya ci a ba shi kuɗinsa cif. Sai a ƙarshe, yana shirin fita, Hajiya za ta kira shi gefe, ta dunƙula masa wani abu a hannu, ta ce na shayi ne.

Wata rana na ce mata, "Hajiya, me zai hana a haɗa masa duka lokaci ɗaya? Ai aljihu ɗaya za su shiga."

Ta ce, "Ɗana, na farko guminsa ne, ko ina so ko ba na so sai na ba shi. Na biyu nawa ne. In na haɗa, gobe zai rasa wanne ne hakkinsa, ni ma in fara ganin kamar alfarma na yi masa da na biya shi."

Nawa ake bayarwa? Babu wani kaso da aka ƙayyade, ba kamar Amurka ba inda ake lissafin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gidan abinci. Hajiya nauyin kaya take dubawa, da nisa, da zafin rana, da shekarun wanda ya kawo. Kuɗin kansu ma sai mutum ya koya. A 2007 aka janye dinari aka dawo da fam, fam ɗaya a madadin dinari 100, wato dubu ɗaya na tsohon fam. Mutane ba su saki tsohon lissafi ba, sai ka ji yaro ya ce "dubu biyu" alhali fam biyu yake nufi. Baƙi da yawa sun yi faɗa a banza kan wannan.

Inda al'adarmu da tasu suka ɗan saɓa shi ne wajen wanda ake bai wa. Mutumin Sudan yana da zuciya, kuma yana gudun a yi masa kallon mabaraci. Na sha ganin direban raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya kawo wa dattijuwa kaya har zaure, ta ƙara masa kuɗi ya rantse da Allah ba zai karɓa ba, wai ita uwa ce. Ɗan maƙwabta kuwa in ya taimaka ya shigo da tukunyar gas, a unguwar Hajiya ba a miƙa masa kuɗi, don iyayensa za su ji kamar an mayar da ɗansu ɗan dako. Sai dai a aika musu da abin da aka dafa. Wanda ke karɓa shi ne wanda ɗaukar kaya ce sana'arsa, shi ma sai an sakaya, ba a ɗaga kuɗi sama a gaban jama'a. A ganina sun fi mu gaskiya a nan. Mukan yi kyauta muna waige ko an gani.

Na koma ziyara a ƙarshen 2018, na tarar abubuwa sun sauya. A unguwannin masu hali na Khartum irin su Riyad da Amarat, waya ake bugawa ko a aika saƙo, saurayi ya kawo kaya a babur. A daidai lokacin takardun kuɗi sun yi ƙaranci, mutane na kwana a layin banki, farashin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara, zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019 ta kunno kai. Aka koma biya ta waya, musamman manhajar Bankin Khartum. A nan tukuici ya fara salwanta. Kuɗin kaya da na kaiwa duk asusun mai shago suke tafiya, mai gida ya karɓi ledarsa a bakin ƙofa ya rufe, yana zaton ya sallami kowa. Ban ga wanda ya tambayi mai babur nawa ke shiga hannunsa ba, balle man da ya yi yini a layi kafin ya samu. Daga baya tsada ta ƙarasa sauran: a 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari, abin da ake kira na shayi ba ya sayen shayin.

Hajiya ta rasu kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Allah ya jiƙanta. Yaƙin ya watsa miliyoyin mutane, ya karya gadar Shambat da ke haɗa Umdurman da Bahri. Waɗanda suka rage a unguwanni sun rayu ne da girkin taimako da suke kira takaya, kuma masu amalanken jaki da masu baro na cikin waɗanda suka riƙa kai musu ruwa da hatsi a lokacin da mota ba ta iya shiga.

Yau sana'ar kai kaya gida ta kafu a Kano da Kaduna da Maraɗi, mata na sayar da kayan miya da nama ta WhatsApp, samari na rarrabawa a babur. Mai karatu, in ɗayansu ya tsaya a ƙofarka, ka tambaye shi ko kuɗin kaiwar da ka tura nasa ne. Ka ba shi ruwa, kada ka bar shi tsaye a rana yana ta kiran wayarka, kuma in za ka ƙara masa wani abu, ka sa masa a hannunsa.