Rami Ya Rufta: Wa Ya Aikata?

A darasin nahawu an koya mana cewa jimla tana da aikau, da aikatau, wani lokaci da karɓau. Aikau shi ne wanda ya yi aikin. To, ƴan uwa ɗalibai, ku dubi jimlar da muka yi ta ji a rediyo bayan Lahadi 7 ga Nuwamban 2021: "Rami ya rufta da masu haƙar zinariya a Garin Liman." Wa ya aikata? Rami. Ƙauyen yana cikin Ɗan Isa, jihar Maradi, dab da iyakar Najeriya, kuma adadin farko da hukuma ta bayar mutum 18 ne. Ga aikau, ga lamba, mutum ne babu a ciki.

Ɗaya daga cikinsu ɗan unguwarmu ne a Birnin Lalle. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban nemi izinin uwarsa ba, amma zan faɗi abin da lambar ta haɗiye. Ya girme ni da kamar shekara takwas. Bai yi lakkol ba, allo ya yi. Manomin hatsi da wake ne, kuma ɗan ci-rani tun bai fara gemu ba. Da zinariyar Jado ta bayyana a 2014 ya bi ayari zuwa can, bai dawo ba sai da gwamnati ta rufe wurin a 2017. Ya zo da waya, da tari mai tashinsa cikin dare, da ƙidaya cikin Tubanci, har da ɗan Larabcin ciniki. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, ya fi ni yawan harsuna a baki.

Shi ya bayyana mini yadda aikin yake. Ramin kamar rijiya ne, faɗinsa bai wuce na mutum guda ba. Igiya ake bi a sauka, da tocila ɗaure a goshi, da guduma a hannu. In an kai ƙasa sai a karkata gefe ana bin jijiyar dutse, har ramin wannan ya haɗu da na wancan, ƙasar da ke sama ta rasa abin da zai riƙe ta. Mai rami ke ciyarwa. In an samu a raba, in ba a samu ba an yi aikin tuwo ke nan. Daminar 2021 ba ta yi kyau ba. Ya ƙirga damman da ke rumbu, ya ga ba za su kai iyali bazara ba, ga mata ga ɗiya ƙarama. Ya ce Ɗan Isa ai gida ce, ba hamada ba. Burinsa sa guda da amalanke.

Ranar da na je gaisuwa, uwarsa ta dube ni ta ce: "Ɗana, ku da kunka yi boko, an ce sha takwas. Shi na nawa ne?" Na ce, "Inna, sai haƙuri." Iyakar abin da ya fito bakina ke nan.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, ranar 6 ga Disamban 1907, mahaƙar kwal ta Monongah ta yi bindiga. Hukuma ta ce mutum 362 suka mutu, amma masana tarihi na ganin sun fi haka, domin mahaƙa kan shiga da mataimakan da ba a rubuta ba. Cikin baƙin da ke haƙar kwal a Amurka a lokacin akwai ƙabilar Rusin, daga duwatsun Karfat na Turai. Ba su da ƙasa tasu, don haka takardu kan kira su mutanen Austiriya ko Hangari. Mutum ya mutu a rami, sannan takarda ta sake binne shi da sunan wasu.

Na yarda da ƙaddara, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta hana tambaya. Wa ya bar dubban mutane suna haƙa kusa da juna ba mai awo? Wa ya ga kuɗin itacen tokare rami sun yi yawa? Wa ya sayi zinariyar, nawa ya biya? Waɗannan duka jimloli ne masu aikau, kuma aikau ɗin mutum ne mai suna. Mu kuwa mun fi son "an ce", "an rufe", "an yi asara". Wannan "an" mayafi ce, kowa na iya shiga ƙarƙashinta.

Shawarata ga ƙungiyarmu ƙarama ce. Hutu mai zuwa, kowa ya je garinsu da littafi da biro. In akwai gidan da rami ya yi wa rashi, a Garin Liman ko Jado ko Cibarakatan, ya yi sallama, ya nemi izini, ya rubuta sunan mamacin, da gonarsa, da abin da ya tafi nema. Fitowa ta gaba mu buga su, ko da shafi biyu ne.